Ofishin shawarar karatun waje da muka kai ƙanwata: zama ɗaya ne ya ci kuɗinsa

Tun da ƙanwata ta tafi Amurka mutane suke ta tambayata wai wane ejan ne ya yi mana, nawa ya karɓa, in sun je su ce ni na turo su ko yaya. To bari in yi bayanin gaba ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan wajen ba, sabida akwai abin da suka yi mana mai kyau, akwai kuma wanda har yanzu in na tuna raina sai ya sosu, kuma ba na so a ce na yi musu talla ko na kashe musu kasuwa. Ofis ne dai a saman wani bene a titin gidan Zoo, irin masu harkar karatu a ƙasar wajen nan da suka cika gari, bambancinsu kawai suna da wata mata da ta yi karatunta a can, ita take zama da masu son layin likitanci. Gaskiya matar nan ita ce ofishin, sauran duk kwalliya ce.

Yarinyar Bayokemistiri ta karanta a BUK, ta yi bautar ƙasa ta gama, amma tun tana sakandire likita take so, JAMB ce ta jefa ta inda ta jefa ta kamar yadda ta yi wa ƴaƴan mutane da yawa. Kawunmu da yake zaune a can ya ce in ta samu gurbi zai riƙe ta ya kuma ɗauki wani ɓangare na kuɗin, shi ne fa muka fara shiga da fita. Ga wanda bai sani ba, a Amurka yawanci ba a shiga makarantar likitanci daga sakandire irin namu na MBBS shekara 6, sai ka fara yin digirin farko, ka yi wasu kwasa-kwasai da suka wajabta irin su bayoloji, kemistiri, oganik kemistiri da fiziks kowanne da firaktikal ɗinsa, ka zana jarabawar neman shiga likitanci da suke kira MCAT, sannan ka nemi makarantar likitancin ka yi shekara 4. Wanda ya riga ya yi digiri amma takardunsa ba su isa ba, akwai shirye-shiryen share fage da ake yi bayan digiri, kuma iri biyu ne, akwai wanda za ka koma ka ɗauki kwasa-kwasan matakin digirin farko, akwai kuma na mastas wanda suke kira SMP, irin na jami'ar Georgetown da aka fara tun 1975 inda ɗalibai suke ɗaukar wasu darussan tare da ɗaliban likitanci na gaske. Ƙanwata irin na mastas ɗin ta samu a wata makarantar daban.

Bari in fara da ƙasan bene kafin in hau sama. Wajen ajiye mota babu, sai dai ka raɓa a bakin titi kana waige. Yaron da ke kan teburin karɓar baƙi yana da fara'a ba laifi, amma tun kafin ka gama faɗin abin da ya kawo ka ya zube maka ƙasidu masu sheƙi na makarantun Sayifurus da Masar da Indiya, yana cewa Alhaji ai nan ya fi sauƙi, wata uku ta tafi. Duk wanda ya san kan kasuwa ya san kamasho ne yake magana. Sai da na ce masa ɗan'uwa mun riga mun samu takardar gurbi, shawarar zaɓen kwas kawai muka zo nema, sannan ya ɗan yamutsa fuska ya rubuta mana risit. Kuɗin zaman ba kaɗan ba ne, kuma da dala suke lissafa shi su juya maka zuwa naira a farashin ranar, abin da ban ga dalilinsa ba tunda a Kano muke zaune, kujerar ma a nan aka ƙera ta.

Amma da muka shiga wajen Malamar sai labari ya canza. Abu na farko da ta tambayi yarinyar ma ba maganar Amurka ba ce, cewa ta yi ƴata, me ya hana ki nemi DE ta JAMB ki shiga aji biyu na MBBS a nan gida, shekara 5 kin fito, ga asibitin Malam Aminu Kano a bayan gidanku? Ta lissafa mata na can ɗin, mastas shekara ɗaya ko biyu, likitanci 4, sannan horon ƙwarewa aƙalla 3, kuma ta faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa makarantun likitancin Amurka da suke ɗaukar ɗan ƙasar waje ba su da yawa, bashin karatu na gwamnatinsu ba ya shafar mai bizar ɗalibi, wasu makarantun ma sai ka nuna kuɗin shekarun a ajiye kafin su bar ka ka fara. Ni a nan na fara yarda da ita, don mai neman kuɗinka kawai ba zai fara da abin da zai iya sa ka fasa ba. Da ta ga yarinyar ta ji duk wannan kuma ba ta girgiza ba, sai ta ce to kawo takardar kwasa-kwasan mu gani.

Nan ne asalin abin da ya kai mu. Shirin da ta samu kiredit 30 da ɗan ɗoriya ne, wato abin da mu muke kira yunit, kuma makarantar ta ba da zaɓi, ko ka haɗiye shi a samista biyu ko ka ja shi ya wuce haka. Ƙanwata ta riga ta zauna a gida ta tsara abinta da biro, kiredit 16 a samistar farko, fiziyoloji, anatomi, histoloji wato nazarin tsokar jiki da madubin likita, da wani kwas na ƙwayoyin cuta, da wani ƙarami, kuma a gefe ta rubuta za ta nemi aiki a cikin makaranta ta kuma fara karatun MCAT. Hujjarta mai ƙarfi ce a idonmu, ta ce Anti ni fa a BUK na sha ɗaukar yunit 22, 24 a samista ɗaya, kwas tara goma, 16 ai hutu ne. Ni ma wallahi haka na gani, har ina gyaɗa kai.

Malamar ba ta yi musu da ita ba, sai ta jawo wata farar takarda da aka zana gida-gida, kwana bakwai a sama awa 24 a gefe, ta miƙa mata jan biro ta ce fara cire barci. Awa 168 ne a sati, ta cire bakwai-bakwai ya zama 49, saura 119. Ta ce sa salloli biyar, sa Juma'a, sa girki tunda can babu Umma babu mai kawo miki tuwo ɗaki, sa wanki, sa jiran bas. Sannan ta ce ƙa'idar kiredit a can ita ce duk awa ɗaya a aji ana sa ran awa biyu a wajen aji, kenan 16 ɗinki awa 48 ce a sati, kuma wannan mafi ƙaranci ne, firaktikal ɗin da aka rubuta masa kiredit ɗaya yana iya cin awa uku a tsaye ban da rubuta rahotonsa. Aikin cikin makaranta da bizar ɗalibi, wato F-1, ta yarda da shi iyakarsa awa 20 a sati in ana cikin karatu, ta ce zuba su. Yarinyar tana shafa jan biro tana shafawa har takardar ta koma ja, saura ƴan gidaje farare warwatse, ta ce to ina za ki sa MCAT ɗin? Shiru. Ni abin ya tuna min da masu kura a kasuwar Singa, a fili ana lafta buhu ana cewa ƙara ɗaya ƙara ɗaya, sai an zo hawa sannan ake sanin an yi ganganci.

Abin da ta bayyana wanda ni ban taɓa tunaninsa ba shi ne yadda ake tara maki. Mu a nan kowa ya sani, tes ɗaya ko biyu, sannan jarabawar ƙarshe ta kwashe 60 ko 70, shi ya sa ɗalibi zai iya yin sakaci wata biyu ya zo ya kwana a aji sati uku ya tsallake, yunit 24 ɗin ma da haka ake ɗaukarsu. A can samistar wajen sati 15 ce kuma tun daga satin farko-farko ake fara yanka, kwiz yau, rahoto jibi, babbar jarabawa duk bayan ƴan makonni, in kwas huɗu masu nauyi suka haɗa jarabawarsu a sati ɗaya babu wani karatun dare da zai cece ka. Kuma irin wannan mastas ɗin ba don a samu shaida kawai ake yinsa ba, gwaji ne, kana nuna wa makarantun likitanci cewa za ka iya ɗaukar nauyin karatunsu, don haka wanda ya fito da C ya biya dala ne ya sayo wa kansa shaidar cewa bai iya ba. Yawancin makarantu ma in GPA ɗinka na mastas ya yi ƙasa da 3.0 cikin 4.0 sun sa ka a layin gargaɗi.

Ta ƙara da wani abu da ya sa yarinyar ta gyara zama. AMCAS, wato tsarin da ake neman mafi yawan makarantun likitancin ta cikinsa, ba ya goge faɗuwa, in ka maimaita kwas duka biyun ake lissafawa, tsohon da sabon, kuma suna ware makin bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi su yi masa GPA nasa daban, na mastas ma daban da na digirin farko. Su kuma masu tsarin DO, wato ɗaya nau'in digirin likitanci na can, da a da suke maye tsohon maki da sabo sun daina tun 2017. Ga shi kuma ba sa tantance tiransikirif ɗin jami'ar ƙasar waje su fitar masa da GPA, kenan wahalar da ta sha shekara huɗu a BUK ba za ta fito a wannan lissafin ba, makin da za ta samu a can shi ne kusan fuskarta gaba ɗaya. Malamar ta ce kin ga kenan ba ki da wani tsohon maki da zai rufa miki asiri, samistar farko in ta lalace da ita za ki yi ta yawo.

To sai ni kuma na yi irin tawa, na ce Malama in haka ne ta ɗauki kwas biyu mana ta huta. Ta ce Yaya ai nan ma akwai katanga, mai bizar ɗalibi dole ya zama cikakken ɗalibi, a matakin digirin farko kiredit 12 ne, a mastas makaranta ce take yankewa kuma yawanci 9 ne, in ka sauka ƙasa da haka ba da izinin jami'in ɗaliban ƙasashen waje ba ka taɓa zamanka a ƙasar. Shi ya sa ta ce kar a tsara abin daf da katangar ta yadda in kwas ɗaya ya gagara babu damar ajiye shi, kuma kar a yi sama da yawa. Ta kuma ja kunnenta a kan kwanakin farko na samista da ake iya sauke kwas ko canza shi ba tare da ya bar tabo ba, in suka wuce sai dai a rubuta maka W a tiransikirif, alamar ka janye daga kwas, ɗaya ba ya kashe mutum amma in suka jeru sai an tambaye ka dalili.

Yadda ta haɗa kwasa-kwasan ne ya fi burge ni, don a nan na ga ta san aikinta. Ƙanwata ta so ta tsallake bayokemistiri wai ta gaji da shi shekara huɗu, Malamar ta ce a'a, shi ne ma za ki fara da shi, sabida samistar farko ba karatu kaɗai za ki yi ba, za ki koyi jin Turancin malamansu da yake fita ta hanci, ki koyi sanyi, ki koyi yadda ake tura aiki ta kwamfuta kafin sha biyun dare, ga kewar gida, to ki bari a ce akwai kwas ɗaya mai nauyi da kin riga kin san hanyarsa, kuma dama MCAT cike take da shi. Ta haɗa mata shi da fiziyoloji, ta ce biyu masu nauyi sun isa, na ukun ya zama mai sauƙi irin kididdigar lafiya. Anatomi da histoloji ta raba su, ta ce duk biyun haddar hotuna ce da tsayuwa a ɗakin gwaji, in suka haɗu a samista ɗaya suna cin juna a kai, kuma histoloji ya fi shiga in mutum ya riga ya yi kwas ɗin ƙwayar halitta. Har azumi ta duba, ta ce a shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne cikin samistar da take farawa a Janairu ta ƙare a Mayu, don haka kar a tara firaktikal na yamma a lokacin, kuma in da zaɓi kar ta ɗauki sashen da ya hau kan azahar ɗin Juma'a tunda tana son zuwa masallaci ta ga mutane. Ejan ɗin da bai taɓa zama a can da azumi a bakinsa ba ba zai kawo wannan ba.

Maganar MCAT kuwa cewa ta yi a cire ta daga samistar farko kwata-kwata. Jarabawa ce ta wajen awa bakwai da rabi, tambaya 230, sashe huɗu, maki daga 472 zuwa 528, kuma ba a zana ta yadda aka ga dama, sau 3 a shekara, 7 a duk rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon. Ta ce ɗalibanmu ba kemistiri ne yake kayar da su ba, sashen karanta dogon rubutu a fitar da ma'ana ne, tambaya 53 a minti 90, da kuma sashen halayyar ɗan'adam da zamantakewa wanda ɗan kimiyyar jami'o'inmu bai taɓa zama ajinsa ba. Shawararta ita ce ta riƙa karanta rubutu ɗaya mai wuya kullum kamar shan magani, asalin shirin kuma a bar shi sai hutun bazararsu lokacin da babu kwas a kanta.

Inda muka ɗan ja da ita shi ne kuɗi, kuma har yau ina ganin ta yi wa wannan ɓangaren riƙon sakainar kashi. Ja da shirin daga shekara ɗaya zuwa sama da haka yana nufin ƙarin watannin abinci da inshorar lafiya da kuɗaɗen da makaranta take karɓa duk samista, duk da dala, kuma kowa ya san inda naira ta shiga tun 2023. Mu Allah ya taimake mu tana gidan Kawu babu kuɗin haya, amma wanda zai kama ɗaki fa? Da na tayar da maganar sai ta ce min Yaya sauri ya haifi nawa, ta wuce. Karin magana ba ta biyan kuɗin makaranta. Na so a ce ta zauna ta yi mana lissafin kuɗin gida-gida kamar yadda ta yi na awanni, tsari biyun a jere, mutum ya gani da idonsa ya zaɓa. Mu muka koma gida muka yi da kalkuleta ni da Kawu a waya, da tazarar awa biyar zuwa shida tsakaninmu, shi yana tashi daga aiki ni ina gyangyaɗi.

Sai babban laifinsu, wanda shi ne ya sa na ce zama ɗaya ne ya ci kuɗinsa. A cikin abin da muka biya har da wai bibiya ta WhatsApp bayan ta tafi, mu a zatonmu Malamar ce za ta riƙa amsawa, ashe yaran ofis ne suke riƙe da layin. Lokacin rajistar samista ta biyu yarinyar ta tambaya ko za ta iya ɗaukar kwas biyu ta intanet don ta samu sauƙin azumi, aka yi kwanaki ba amsa, daga baya wani ya rubuto mata wai ba matsala ai duk kiredit ne. Alhali dokar F-1 kwas ɗaya kacal na intanet, ko kiredit 3, ake lissafawa cikin adadin da ya sa ka zama cikakken ɗalibi. Allah ya sa kafin ta danna ta biya ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsu, matar wajen ta tare ta. Da na koma na yi musu magana Malamar ta ba da haƙuri sosai, ta kira yaron a gabana ta yi masa faɗa, amma ni abin da na ce mata shi ne in ba za ki amsa da kanki ba ku daina sayar da bibiyar, don wannan ba kuskuren da ake gyarawa da yi haƙuri ba ne, zaman yarinya a ƙasar mutane ne.

Haka ma batun ko mastas ɗin zai wadatar a madadin kwasa-kwasan wajibi, tunda makarantu da yawa suna so a ce a Amurka ko Kanada ka yi su. Malamar ta ambata a zaman, ta ce kowace makaranta da sharaɗinta, a duba a MSAR, wato kundin sharuɗɗan shiga na ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, AAMC, amma da aka nemi ofis su taimaka a tace jerin makarantun sai suka ce wannan wani kuɗin ne daban. Mai ba ta shawara ta can makarantar ce ta zauna da ita suka yi, ba ta karɓi ko sisi ba tunda yana cikin kuɗin makaranta. Kuma ga duk mai shirin tafiya, EducationUSA, cibiyar shawarar karatu ta gwamnatin Amurka, suna ba da bayani a Abuja da Legas, sannan dokar bizar Amurka ga ƴan Najeriya ta yi ta canzawa a ɗan tsakanin nan, kar ka ɗauki maganar wani yaron ofis a kai, shiga shafin ofishin jakadancin ka karanta da idonka kafin ka fitar da kuɗin komai.

In za ka je, ka biya na zaman ido da ido kawai, ka kuma tabbatar tun a ƙasa cewa ita Malamar za ka gani, don ranakun da ba ta nan wani suke zaunarwa a kujerar. Ka tafi da tiransikirif da jerin kwasa-kwasan shirin da bayanin kowanne a buge a takarda, intanet ɗin ofishin ba abin dogaro ba ne, mu sai da na kunna mata datar wayata. Kuma a bar mai karatun ta yi magana da bakinta, ni sai da Malamar ta ce min Yaya ɗan ba mu wuri kafin yarinyar ta iya faɗin cewa fiziks take tsoro tun aji ɗaya, abin da ko a gida ba ta taɓa faɗa ba. Yanzu haka kiredit 10 take ɗauke da su, anatomi da ƙwayar halitta da wani ƙarami, aikin laburaren da ta samu awa 8 take yi a sati ba 20 ba, kuma fiziks ɗin mai ba ta shawara ta can ta ce sai ta sake shi a matakin digirin farko kafin ta yi rajistar MCAT.